Rubutun Jikin Kwalba: Yadda 'Yan Italiya Ke Zaɓen Giyar Inabi Mai Rahusa Daga Gida

A ƙauyukan Piemonte da Veneto, har gobe akwai magidantan da ke ɗaukar damigiana, wata ƙatuwar kwalba mai cin lita 54, su nufi rumbun ƙungiyar manoma a cika musu ita da giyar inabi. Sun san gonar, sun san mai ita, kuma sai sun ɗanɗana suke biya. Mazaunin Milan da ke odar katan ta intanet ba shi da wannan gatan. Madogararsa ita ce rubutun jikin kwalba.

Cinikin nesa ba baƙo ba ne a ƙasar, domin kamfanin Giordano ya daɗe yana sayarwa ta wasiƙa da tarho. Amma kullen korona na Maris 2020 ne ya buɗe kasuwar sosai, har kamfanin Campari ya sayi kashi 49 cikin 100 na shagon intanet na Tannico a shekarar.

Tun 1963 doka ta kafa tambarin DOC, wanda ke ƙayyade yankin noma, irin inabi da yawan amfanin da za a ɗiba. A 1980 aka fara ba da DOCG mai sharuɗɗa masu tsauri, inda giyoyin Barolo da Brunello di Montalcino ke sahun farko. Tambarin IGT ya biyo baya a 1992. Tsakanin nan, a 1986, wasu 'yan kasuwa a Piemonte suka gauraya giya mai arha da sinadarin metanol, kimanin mutum 20 suka mutu, wasu suka makance. Wannan abin kunya ya sa aka tsananta sa ido. Yau kowace kwalbar DOCG tana ɗauke da siririyar takardar gwamnati a wuyanta, da lambar da za a iya bin diddiginta.

A ɓangaren mai kumfa, Prosecco ce ta cika kasuwa, kuma arharta tana da dalili. Ana tayar da kumfarta ne a manyan tankokin ƙarfe cikin 'yan makonni, dabarar da Federico Martinotti ya yi wa rajista a 1895. Franciacorta ta Lombardia kuwa a cikin kwalba take tsima, aƙalla wata 18, don haka kuɗinta ya ninka. Ita kanta Prosecco iri biyu ce tun sauyin dokar 2009. Ta DOC ana noma ta a larduna 9, akasari a fili inda inji ke girbi, kuma an yarda a ɗibi tan 18 a kowace hekta. A 2021 an zarce kwalba miliyan 600. Ta DOCG akasari daga tsaunukan Conegliano da Valdobbiadene take fitowa, inda gangara ke tilasta tsinka da hannu, iyakarta kuma tan 13.5. Mai lura yakan duba sukari ma: Brut ba ta kai giram 12 a lita, Extra Dry tana tsakanin 12 da 17.

Masu neman marar kumfa da sauƙin kuɗi sukan karkata kudu, zuwa Montepulciano d'Abruzzo, Primitivo ta Puglia ko Nero d'Avola ta Sisili, inda rana ta wadata, farashin gona kuma bai kai na Toscana ba.

Sai dai tsarin tambarin yana da gurgunta. Tambari shaida ce ta asali da bin ƙa'ida, ba ya rantsuwa kan ɗanɗano. A shekarun 1970, giyoyin Sassicaia da Tignanello sun fita kasuwa a matakin ƙasa na giyar tebur, saboda ba su dace da ƙa'idojin DOC na lokacin ba, duk da haka suka yi suna a duniya. A ɗaya gefen, faɗin yankin Prosecco DOC ya tara ƙwararren manomi da mai neman yawa kawai a ƙarƙashin suna ɗaya. Shi ya sa gogaggun masu saye ke ƙara duba sunan wanda ya ɗura kwalbar da shekarar girbi, su lissafa kuɗin aike a kan katan mai kwalba 6, su kuma guji oda a zafin Agusta, lokacin da yini guda a bayan motar kaya kan lalata giyar kafin ta iso.