Daga Jaɓa Zuwa Kaifin Basira: Tarihin Kalmar "Shrewd" da Darasinta ga Marubuci

'Yan uwa marubuta, duk wanda ya taɓa zama da aikin fassara daga Turanci zuwa Hausa ya san akwai wasu kalmomi masu santsi, waɗanda da ka ce ka kama su sai su suɓuce. Ɗaya daga cikinsu ita ce kalmar "shrewd". A yau idan Bature ya kira ɗan kasuwa ko ɗan siyasa da ita, yabonsa ya yi, wato yana nufin mutum ne mai saurin gane inda al'amari ya dosa, wanda ba a yi masa sakiyar da ba ruwa. Da yawa daga cikin masu fassararmu da sun ci karo da ita sai su rubuta "mai wayo" su yi gaba. Manufar wannan nazari ita ce a nuna cewa wannan gaggawa tana jawo hasara, kuma ba za a ga girman hasarar ba sai an bi kalmar zuwa tushenta.

Tushen nata kuwa abin mamaki ne, domin daga sunan jaɓa ta fito. A tsohon Turanci, fiye da shekara dubu da suka wuce, ana kiran wannan 'yar dabba "screawa", wadda daga baya ta zama "shrew". Jaɓar Ingila ƙarama ce ƙwarai, nauyinta wajen giram 10 ne, ƙwari da tsutsotsi take ci, kuma ko dangin ɓera ba ce. Duk da haka manoman ƙasar sun ɗora mata laifin da ya fi ƙarfinta. Sun yi imani tana da mugun dafi, kuma wai idan ta bi ta kan saniya ko doki yana kwance, dabbar za ta gurgunce. Edward Topsell, a littafinsa na dabbobi masu ƙafa huɗu na 1607, ya siffanta ta da mugunta da son cutarwa. Gilbert White kuma, a littafinsa na 1789 kan ƙauyen Selborne, ya ba da labarin maganin da ake yi: a huda jikin wata bishiya, a cusa jaɓa da ranta, a toshe ramin, daga nan sai a riƙa shafa rassan bishiyar a jikin dabbar da ta gurgunce. Binciken zamani ya nuna akwai wasu irin jaɓa, kamar ta bakin ruwa, masu ɗan dafi a yawunsu, amma na kashe ƙananan halittu ne, ba ya kayar da saniya.

To, tun da an riga an ba dabbar mugun suna, sai aka ara aka yafa wa mutane. A ƙarni na 13 "shrew" ta zama sunan mugun mutum, namiji ko mace, kuma haka Chaucer ya yi amfani da ita a ƙarni na 14. Aka kuma samu aikatau mai ma'anar la'anta ko tsine wa. Siffar "shrewd" ta ɓullo ne wajen shekarar 1300 da ma'anar mugu, la'ananne, mai ɓarna. Ko ƙanshin yabo babu a cikinta.

Abin tambaya a nan shi ne, ta yaya la'ananne ya koma abin yabo? Gadar da kalmar ta bi ta haye ita ce kaifi. A zamanin Shakespeare ana amfani da ita ga duk abin da ke huda jiki ko zuciya: sara mai tsanani, harshe mai zafi, ko sanyin hunturu mai cizo, kamar yadda ta zo a wasan Hamlet. Daga kaifin sara da kaifin harshe, taki ɗaya ne zuwa kaifin tunani. Tun a ƙarni na 16 aka fara jin ta da ma'anar mai dabara, amma dabarar da ake jin tsoro. Har zuwa 1755, lokacin da Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa, ma'anonin da ya jera mata duk na aibu ne. A wurinsa mai wannan siffa dabararsa ta rinjayi kirkinsa. Sai a hankali, musamman a ƙarni na 19, yabon ya danne zagin. A ganina ba banza hakan ya faru ba. Al'ummar da ciniki da banki da masana'antu suka zama ƙashin bayanta dole ta nemi kalmar girmamawa ga mutumin da ba a cutarsa a ciniki, sai ta ɗauko tsohuwar kalmar zagi ta wanke ta.

Sai dai wankin bai kai ga kowa ba. Yayin da siffar "shrewd" ke hawa sama tare da attajirai da lauyoyi, sunan "shrew" ya tsaya a ƙasa, ya kuma taƙaita ga mata kaɗai, da ma'anar masifaffiya. Shi ne a sunan wasan Shakespeare, The Taming of the Shrew, wanda aka rubuta a farkon shekarun 1590, inda aka nuna yadda miji ya lanƙwasa matarsa mai tsiwa. Wato kaifi iri ɗaya ne, a wurin namiji ya zama basira, a wurin mace ya zama masifa. Ya kamata marubutanmu, maza da mata, su tsaya a nan su yi wa kansu hisabi. Sau nawa a littattafanmu ake kiran Alhajin da ya iya lissafinsa "mai hangen nesa", matar da ta iya nata kuwa a ce "makira"?

Wani abin lura kuma shi ne, 'yar uwarta "cunning" hanyar da ta bi kishiyar wannan ce. Ta fito ne daga tushe ɗaya da "can", mai ma'anar sani da iyawa, kuma da farko gwani ko masani ake kira da ita. Sannu a hankali ta gangara har ta koma ma'anar makirci. Haka ma "crafty", wadda asalinta ƙarfi ne da gwanintar sana'a. Ke nan ɗaya ta hau, biyu sun sauka, kuma akwai zamanin da suka haɗu a tsakiyar hanya. Mai fassarar da bai san shekarar da aka rubuta littafin da ke gabansa ba zai iya yabon wanda marubucin ya zaga, ko ya zagi wanda ya yaba.

Mu dawo ga kalmar "wayo". Laifin dogara da ita shi ne fuska biyu gare ta. In an ce yaro ya yi wayo, hankali ake nufi. In mutum ya ce "ya yi mini wayo", ƙarar cuta yake kawowa. Bahaushe da kansa ya yi wa wani irin wayo ba'a da ya ce wayon a ci, an kori kare daga gindin ɗinya. Saboda haka mai karatu da ya ga "ɗan kasuwa mai wayo" zai fi karkata ga zaton maha'inci ne, alhali Baturen da ya rubuta "shrewd" a yau bai zarge shi da komai ba. Hausa kuwa ba ta rasa kalmomi ba. Ga gogagge, ga mai kaifin basira, ga mai hangen nesa, ga wanda idonsa yake a buɗe, ga wanda ya san ciki da wajen kasuwa. A ɗaya ɓangaren ga makiri, ga shu'umi, ga mazambaci. Tsakaninsu kuma ga dabara da kissa, waɗanda hukuncinsu ya danganta da niyyar mai su. Aikin mai fassara ne ya auna mahalli ya zaɓa.

Darasin bai tsaya ga fassara ba, ya shafi ginin taurari a ƙagaggen labari. Dubi yadda Alhaji Abubakar Imam ya yi a littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937. Waziri da aku duka masu dabara ne, kowannensu yana karanta zuciyar Musa yana neman juya shi. Amma Waziri yana so ya fitar da yaron ne don a halaka shi, aku kuwa yana riƙe shi da labarai don ya tsira. Imam bai zauna yana yi mana wa'azi a kan bambancinsu ba. Ya bar aikin kowanne ya nuna shi. Da Bature na yau ne zai siffanta su, aku zai kira "shrewd", Waziri kuma "cunning". Yawancin sababbin marubuta a nan suke tuntuɓe. Mutumin kirkinsu sakarai ne wanda kowa ke damfara, duk mai ƙwaƙwalwa kuwa mugu ne. Irin wannan rubutu yana koya wa mai karatu, ba tare da marubucin ya nufa ba, cewa kirki da wauta tagwaye ne, wanda kuwa ƙarya ne, kuma yana kashe labari, domin ba a jin daɗin kokawar da tun farko an san wanda zai faɗi.

Shawarata ga 'yan uwa, musamman masu tasowa, guda biyu ce. Ta farko, kada a wadatu da ƙamusun da ke ba kalma ɗaya a madadin ɗaya. A nemi wanda ke kawo tarihin kalma da shekarun ma'anoninta, irin babban ƙamusun Oxford, a haɗa da na Bargery na 1934 don ganin faɗin tamu Hausar. Ta biyu, kafin a liƙa wa tauraro ko tauraruwa lakabin wayo, a tambayi kai: wayon nan wa ya amfana, wa ya cutar? Amsar ita za ta nuna kalmar da ta dace. Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙalumanmu su amfani jama'a, amin.