Baduku da Tsohon Keke

Badukun da ke zaune a Kelle, arewa da Gure, fata ba ta yi masa wuya. Ƙasar Kutus, inda Kelle take, ƙasar makiyaya ce, fatar akuya da ta tunkiya da kirgi suna zuwa har inda yake. Ƙarfe ne ke nesa da shi. Ɗan ƙaramin abu in ya karye a cikin keken ɗinki, sai an gangaro Gure, a hau kwalta kilomita fiye da 150 zuwa Damagaram, wani lokacin ma sai an aika Kano. Wannan nisa shi ya koya wa dukawan irin waɗannan garuruwa wata ƙwarewa da ba a cika yaba musu ba, wato sanin tsohon keken da zai yi shekaru yana cin fata ba tare da ya kwanta ba.

Sabon keken masana'anta ya fi ƙarfin aljihun yawancinsu, don haka na hannu ake nema, wanda ya gama aikinsa a Turai ko Asiya aka loda shi a jirgin ruwa. Tarko na farko yana nan a bakin shago. Dillali zai nuna maka ƙaton keke mai tebur da mota, irin su Juki DDL, ya ce ai wannan ba abin da ba ya ɗinkawa. Keke ne mai kyau, amma na yadi ne. Haƙoransa na ƙasa kaɗai ke jan abin ɗinki, saboda haka in ka haɗa fata biyu, ta ƙasa za ta yi gaba ta sama ta tsaya, haƙoran kuma su bar tabo a jar fatar da majemi ya sha wahala a kanta. Wanda ya san aiki ba ya duban girman keke. Sunkuyawa yake ya juya gargaren da hannu, ya zuba wa ƙafar ido. In ƙafafu biyu ne suna ɗagawa bi da bi, allura kuma tana tafiya tare da su tana jan fatar, to an zo gida. Irin wannan tafiya ita ce ta Pfaff 145 da 545 na Jamus, da Singer 111W, da Juki LU-563 na Japan. Mai yin jaka da zabira ya fi son mai hannu kamar bututu, irin Pfaff 335, don jakar ta shige a ɗinke bakinta a zagaye.

Akwai kuma Singer 29K, wanda ni a ganina ba keken da ya kai shi dacewa da gari irin Kelle. Harafin K ɗin nan na Kilbowie ne, masana'antar Singer da ke Clydebank a Sikotilan, wadda aka rufe tun 1980, amma kekunanta suna nan suna aiki. Ba ya neman wuta, da hannu ko da ƙafa ake tuƙa shi. Hannunsa siriri ne, yana shiga har cikin hancin takalmi, ƙafarsa kuma tana juyawa ta kowace fuska, sai ka karkata ɗinki ba ka motsa takalmin ba. Aibinsa a fili yake: kwarkwaronsa ƙarami ne, zare na saurin ƙarewa, kuma ba ya son fata mai kauri sosai. Wanda aikinsa sirdi ne da ragama, sai ya nemi babban wansa, 45K.

Wurin gwaji ne ake gane gwani. Yakan zo da guntayen fatarsa a aljihu, ba ya yarda da ƙyallen da mai shago ya ajiye. Ya ninka biyu ya ɗinka, ya ninka huɗu ya ɗinka, ya haye kan gaɓa inda kauri ke canzawa, don a nan ne tsohon keke ke tsallake ɗinki. Sannan ya kama sandar allura da yatsu biyu ya girgiza. In tana lilo, ramin da take bi ya cinye, kuma wannan ciwo ne mai tsada. Ya buɗe ƙasa, ya bi bakin ƙugiyar da ke kama zare da farcensa, ya ji ko ta dakushe ko ta gutsure. Duk wannan yana yi kunnensa na kan keken. Lafiyayyen keke sautinsa ɗaya ne daga farkon juyi zuwa ƙarshe, wanda ya gaji kuwa akwai wani ƙwas da yake yi a wuri guda kowane zagaye. Sabon fenti ba ya burge shi, ya fi sa shi zargi, don da fenti ake rufe tsagewar gangar jiki, ƙarfen zubi kuma in ya tsage da wuya walda ta mayar da shi daidai. Sai ka ji ya ce, "Alhaji, a tayar mini da shi in ga cikinsa." In mai shago ya fara kame-kame, ciniki ya ƙare.

Kafin ya biya, tambayarsa ta ƙarshe a kan allura ce. Keken da allurarsa ba ta samuwa a Damagaram ko Kano, ko kyauta aka ba shi kaya ne. Da yawa daga cikin masu ƙafa biyun nan suna cin 135x17, ta fata kuma ita ce 135x16, wadda bakinta ke da kaifi kamar na aska, tana yanka hanyarta maimakon ta ɓarke fatar. Ya sayi fakiti da yawa, da kwarkwaro, da bel, in hali ya yi har da ƙugiya ta ajiya.

Idan keke ya iso gida, ba a fara ɗinki ranar. Tsohon mai da ya daskare a ciki sai an wanke shi da kananzir, a goge, a ɗiga farin man keke a kowane rami. Baƙin man mota ya yi kauri, man gyaɗa kuma daskarewa yake ya zama danƙo. A wannan yanki na tudun rairayi, hunturu ne babban abokin gaba, domin ƙura in ta haɗu da mai sai ta riƙa cin ƙarfe a hankali. Shi ya sa za ka ga baduku mai kula yana ɗiga mai kaɗan kaɗan kullum, yana share haƙora da tsohon burushi, da yamma ya lulluɓe keken da zane.

Aikin da ya fi ba ni sha'awa shi ne daidaita allura da ƙugiya. Allura takan sauka ƙasa ƙurewa, ta fara ɗagowa kamar milimita 2, zaren ya yi ɗan lanƙwasa a bayanta. A daidai wannan lokaci ne bakin ƙugiya zai wuce saman idon allura ya ɗauke zaren, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kaurin takarda ba. Ta makara kaɗan, ɗinki ya tsallake. Ta matso da yawa, allura ta karye. Mai gyara yana sassauta noti, ya gusa ƙugiyar abin da ido da kyar yake gani, ya ɗaure, ya juya, ya sake. Bayan nan sai jan zare. Ana so ƙullin zaren sama da na ƙasa ya ɓuya a tsakiyar fatar. In ya leƙo ta ƙasa a ƙara matse na sama, in ya leƙo ta sama a sassauta. Gwani yakan yanka guntun da ya gwada da wuƙa ya duba inda ƙullin ya zauna.

Saura gudu. Motar da ke zuwa da waɗannan kekuna tana juyi 1425 ko 2850 a minti, gudun da aka yi don ma'aikatar riguna. Fata kuwa ba ta yafe kuskure, ramin da allura ta huda ya hudu ke nan. Don haka ake sa wa motar ƙaramin gargare a rage wa keken sauri, ko a canza ta da irin ta zamani da ake saita gudunta, wadda ba ta cin wuta sosai. A duba farantinta kuma: wutar Nijar 220 ce, motar da ta fito daga Amurka mai 110 tana iya ƙonewa da jonawar farko. Inda wuta ba ta da tabbas, wasu sukan cire motar gaba ɗaya su ɗora kan keken a tebur mai feda, su yanka bel daga kirgin da ke shagonsu.