Fuskar da Ba a San Mai Ita Ba: Wawan Turawa da Tashen Hausa

A tsakiyar ƙarnin da ya wuce, gidaje da yawa a Amurka sun rataya zanen wawa a falo da ɗakin yara. Fuska fara fat da fenti, jan hanci, baki a zane har kusa da kunne, wani lokaci da ɗigon hawaye a kumatu. Red Skelton, ɗan barkwancin da ya rasu a 1997, ya zana irinsu da yawa, aka kuma saye su da tsada. Yau a kasuwar gwanjo ake tsintar galibin irin waɗannan zane, kuma akwai manyan mutane da ba za su yarda su kwana ɗaki ɗaya da su ba.

Wannan kwalliya ta samo asali ne tun zamanin Joseph Grimaldi na Landan, wanda ya rasu a 1837. Shi ya shahara da shafe fuska da farin fenti ya ɗora ja a baki da kumatu, abin da ke sa na can bayan taro ya hango shi. Daga baya abubuwa suka ɓata sunan wawa. A 1978 aka kama John Wayne Gacy a yankin Cikago, mutumin da ke shigar wawa yana nishaɗantar da yara, aka same shi da kisan mutum 33. A kurkuku ma zanen wawa ya riƙa yi har aka kashe shi a 1994. Littafin ban tsoro na Stephen King na 1986, mai mugun wawa a ciki, ya ƙara wa wutar makamashi. Amma ban yarda cewa nan ne tushen ba. Binciken Jami'ar Sheffield na 2008 ya tambayi yara 250 game da adon bangon asibiti, suka nuna ba sa son zanen wawa, alhali yaro ɗan shekara biyar bai san wani Gacy ba. Masu bincike a Jami'ar South Wales sun tambayi mutum 987, fiye da rabi suka ce suna jin wani abu na tsoro, kuma babban dalilin da ya fito shi ne fenti yana ɓoye abin da ke ran mai shi. Baki na dariya, ido kuwa yana faɗin wani abu daban, ko bai faɗin komai.

Mu ma muna da masu ban dariya, muna da abin tsoro, sai dai al'adarmu ta raba musu aiki. Wawan sarki yana gaya wa sarki abin da waziri ba zai iya ba, yana shigar tarkace ranar hawan salla, amma kowa ya san gidansu da wanda ya haife shi. Ɗan kama, wanda C. G. B. Gidley ya yi nazarin sana'arsa a 1967, da fuskarsa tsirara yake aiki. Yana kwaikwayon malami, ya ɗauki muryar wa'azi ya juya ta kan tuwo da miya, kuma rabin dariyar a girarsa da laɓɓansa take. Da zai rufe fuskar da fenti, da ya zubar da jarinsa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamban 2014, ta wannan hanya ya bi: ya fito a boka, ya fito a ɗan sanda, ya fito a direba, amma fuskar nan ɗaya ce, ita ce ma jama'a ke biyan kuɗi su gani. Ɓoyayyar fuska kuwa ta dodo ce, wanda ke haɗiye mutane a tatsuniya, wanda uwa ke kira idan yaro ya ƙi barci. Wawan Turawa ya haɗa ayyukan biyu a jiki guda, zanen bango kuma ya daskarar da shi, ba motsi, ba murya, ba lokacin da zai wanke fuska ya koma mutum.

Wuri guda ne muke barin ban dariya da abin tsoro su gamu, wato tashe, kuma a nan hikimar take. Azumi ya kwana goma, an sha ruwa, sai yara su fito. A gari irin Ɗan Gulbi, cikin ƙasar Dakoro, inda mutane suka san juna gida-gida, abin yana da tsarinsa. Yaro ya shafa toka ko gawayi, ya liƙa gemun auduga da ƙaro, ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, ya dogara sanda yana rawar tsufa. Wani an ɗaure shi da igiya a ƙugu, ya zama dabbar da ake ja. Suna shigowa tsakar gida ƙaramin yaro zai ƙwalla ƙara ya shige bayan zanen uwarsa. Ita kuwa ba ta korar masu tashe. Sai ta janyo shi ta haska fitila ƙasa, ta ce, "Kai, dubi ƙafar nan da kyau. Ba yayanka ba ne? Ga ma takalmin da ka ɓoye masa jiya." Yaron ya leƙo, ya duba, kukan ya fara gaurayuwa da dariya. Sannan a damƙa masa hatsi ko ƴan kuɗi a ce shi zai miƙa da hannunsa.

Ina ganin wannan tarbiyya ce babba, ko da ba wanda ya kira ta haka. An ba tsoro lokaci sananne, an ba shi iyaka, an kuma koya wa yaro cewa bayan toka akwai mutum mai suna. Shekara biyu ko uku gaba, shi ne zai liƙa gemun. A Kano, tashen gwauro na Nalako, sarkin gwauraye, ya fi haka zafi, don babban mutum ake kamawa a zaga gari da shi, amma ko shi ya san masu kama shi, sun san shi, kuma maganin abin a fili yake: ya yi aure. Fatake Hausawa sun kai wasan dodo har Wagadugu a ƙarni na 19, inda yara ke sa fuskokin dabbobi da dare cikin azumi, kuma can ma ƙungiyoyin unguwa ne ke riƙe da shi.

Abin da ke damuna shi ne wannan sanayya ce ke raguwa, musamman a birane. A ƴan shekarun nan rundunar ƴan sandan Kano ta sha sanar da hana tashe, saboda ɓata-gari na fakewa da shi su yi ƙwacen waya da sara-suka. Ban zargi mai gidan da ya kulle ƙofa ba, domin a unguwar da maƙwabci bai san maƙwabci ba, babu ƙafar da uwa za ta haska ta gane. Sai dai hanin ya fi faɗa wa yaron da bai da komai sai gwangwani da auduga. Masu unguwanni da iyaye za su iya tsayawa a ce kowace ƙungiyar yara ta fita da babba ɗaya sananne, ta tsaya a layinta, ta koma gida kafin dare ya yi nisa. A ƙauyuka kusan haka ake yi tun can ba tare da an rubuta ba, kuma ya kamata a gwada shi a birni kafin a sake kai wa ga hani.