Bakan Gizo da Laso: Ginin da Kasuwa Ta Raina

Akwai maganar da ake yawan ji a bakin masu sababbin gidaje a Gyadi-Gyadi da Tarauni, wai ginin ƙasa shaidar talauci ne, kuma bai isa a sa shi cikin gine-ginen Musulunci ba, tunda ba shi da marmara irin na masallatan Alƙahira da Istanbul. Mai faɗin haka bai taɓa ɗaga kai a cikin sorayen Gidan Makama ba.

Tarihin sananne ne. Sarki Gijimasu ya ɗora harsashin ganuwar Kano, Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta, ya gina Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi. A ƙarni na 19 kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, inda sana'ar ginin ƙasa ta kai ƙololuwa.

Masu yabon ma galibi zanko da zanen dagi suke gani. Ado ne kawai, kowa na iya kwaikwayonsa da siminti. Gwanintar tana cikin bakan gizo. Azarar giginya ba ta jin tsoron gara, amma in faɗin ɗaki ya wuce kamar mita biyu, ba za ta ɗauki nauyin rufi ita kaɗai ba. To yaya za a rufa soron da zai ɗauki sahun masallata ko fadawan sarki? Sai magini ya dasa azara cikin bango ta ɗan karkato ciki, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya jira ta bushe, sannan ya ɗora wata ta zarce ta farko. Haka zai yi ta yi daga ɓangarorin biyu har su haɗu a tsakiya. In bakuna suka gitta juna, an sami ɗaurin guga, nauyi ya rarrabu zuwa bango. Wannan lissafi ne, ko da ba a rubuta shi a takarda ba.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne laso, wanda ke hana ruwa ratsa rufin. Da katsin da ake kwasowa daga ramin rini ake haɗa shi, da gashin akuya daga majema, da dafara. Ke nan marinar Ƙofar Mata da majeman da ke ciyar da Kurmi da shuɗi da fata, su ne ke ba magini kayan aikinsa. Duk ramin rinin da aka cike, wani soro ne ya rasa kariya. Shafa masa siminti kuwa ba magani ba ne, don danshi yake riƙewa har ya ɓamɓaro.

Saboda haka masu kula da kayan tarihi a Kano, in za ku gyara soro, ku nemo maginan gargajiya, ku kuma tallafa wa marina da majema a cikin kasafin aikin.