Ƙayyade Farashi a Littafin Al-Hisba na Ibn Taimiyya: Ƙarfin Hujjarsa da Inda Ta Tsaya

Duk lokacin da tsadar abinci ta tsananta a ƙasar nan, sai a ji masu wa'azi sun rabu gida biyu. Wasu su kawo hadisin Anas bn Malik (RA), wanda Abu Dawuda da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, cewa farashi ya tashi a Madina, sahabbai suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade musu, shi kuwa ya ƙi, ya mayar da al'amarin ga Allah, yana mai fatan haɗuwa da Ubangijinsa babu mai binsa haƙƙin jini ko na dukiya. Wasu kuma su kawo hadisin Ma'amar bn Abdillah da ke cikin Sahihu Muslim, wanda ya siffanta mai ɓoye kaya da cewa mai saɓo ne, su nemi hukuma ta fasa rumbuna. Abin mamaki, ɓangarorin biyu duk sukan jingina da littafi ɗaya, wato Al-Hisba fil Islam na Shaihul Islam Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a Dimashƙa a shekara ta 728 bayan Hijira, daidai da 1328. Wannan kaɗai ya isa dalilin sake duba abin da littafin ya faɗa a kan tas'iri, da kuma abin da ya bari bai warware ba.

Ginshiƙin maganar Ibn Taimiyya shi ne cewa ba a yanke wa tas'iri hukunci ɗaya. Akwai na zalunci wanda ya haramta, akwai na adalci wanda ya halatta, har ma yakan wajaba. Abin da ke raba su shi ne musabbabin tashin farashin. Idan 'yan kasuwa na sayar da kayansu yadda aka saba, farashi ya tashi saboda ƙarancin kayan ko yawan masu nema, to tilasta musu wani farashi cin zali ne, kuma nan ne muhallin hadisin Anas. Idan kuwa masu kaya sun ƙi sayarwa sai da ƙari a kan ƙimar da aka sani, alhali mutane na cikin larura, to wajibi ne a tilasta musu sayarwa a kan samanul misli, wato kuɗin da ake sayar da irin wannan kaya a irin wannan wuri da lokaci.

Inda malamin ya fi nuna basira shi ne yadda ya karanta hadisin Anas cikin yanayin Madina. Ya lura cewa yawancin abincin da ake sayarwa a garin fatake ne ke shigo da shi, kuma babu masu sana'ar niƙa da gasa burodi na sayarwa, kowane gida kan sayi hatsinsa ya niƙa ya gasa da kansa. Saboda haka babu wata ƙungiyar masu sayarwa da ta riƙe wuyan jama'a, wadda za a ce a ƙayyade mata. Da an matsa wa fatake, da sun karkata akalarsu zuwa wani gari. A ganinsa ƙin da Annabi (SAW) ya yi hukunci ne a kan wata aukuwa takamaimiya, ba lafazi ne mai game kowane hali ba. Ya ƙarfafa wannan da hadisin wanda ya 'yanta rabonsa a bawan da suke tarayya da wani, inda shari'a ta sa a yi wa bawan ƙima ta adalci, a biya abokin tarayyar, ko da ya so fiye da haka. In har an tilasta ƙima saboda maslahar bawa guda, ina ga abincin gari sukutum? Wannan ƙiyasi ne mai wuyar turewa, kuma Imam Shaukani, da ya zo daga baya ya rinjayar da hani a Nailul Auɗar bisa hujjar cewa kula da mai saye bai fi kula da mai sayarwa cancanta ba, bai ba shi amsa mai gamsarwa ba. Hujjarsa tana tsayawa ne idan ɓangarorin biyu na da ikon juya baya su tafi. Mai yunwa ba shi da wannan iko, kuma yardar da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta sharɗanta a ciniki ba ta cika ga wanda babu inda zai je.

Littafin ya kuma yi magana a kan abin da yau ake kira babakere. Ya ce idan aka keɓe sayar da wani kaya ga wasu mutane sanannu, aka hana kowa sayarwa sai su, to ƙayyade musu farashi wajibi ne a saye da sayarwa baki ɗaya, domin in an bar su za su zalunci wanda suke saye a hannunsa, su kuma zalunci wanda suke sayar wa. Ya kawo cewa Abu Hanifa da almajiransa sun hana masu sana'ar raba gidaje da filaye don lada su haɗu su zama kamfani ɗaya, tsoron kada su haɗa baki su tsauwala lada. Marubutan zamani, musamman Abdul Azim Islahi a littafinsa na 1988 a kan ra'ayoyin Ibn Taimiyya na tattalin arziki, sun yaba wannan wuri ƙwarai, kuma sun yi gaskiya, ko da yake akwai ɗoki a yadda wasu ke son mayar da malamin masanin tattalin arziki irin na jami'o'in yau. Faƙihi ne da ke neman hukuncin da zai ɗauke zalunci.

To sai dai duk ginin ya dogara ne a kan samanul misli, kuma a nan ne hujjar ta yi rauni. Ana sanin kuɗin irin kaya ne idan akwai kasuwa lafiyayya da za a leƙa a gwada. Mudun gero a Dawanau yana da misli, domin akwai ɗaruruwan masu sayarwa, akwai kuma kasuwannin ƙauye da za a kwatanta. Amma a halin da littafin da kansa ya ce tas'iri ya fi wajaba, wato inda 'yan tsiraru suka riƙe kaya, babu sauran misli, domin farashin da aka sani shi ne wanda su ɗin suka yanka. A ɗauki siminti a Nijeriya. Tun daga 2002 gwamnati ta ɗaure lasisin shigo da shi da sharaɗin kafa masana'anta a cikin gida, aka wayi gari kamfanoni uku, Dangote da BUA da Lafarge, su ne ke riƙe da kusan dukan kasuwar. Wannan ya yi kusa ƙwarai da surar da Ibn Taimiyya ya zayyana, tunda hannun hukuma na cikin taƙaita masu sayarwa. Amma da wane buhu za a gwada buhunsu? Littafin ya wajabta ƙima bai nuna ma'auninta ba.

Abin da ya fi kusa da amsa a cikin Al-Hisba aro ne daga Malikiyya. Ibn Taimiyya ya ciro daga Abul Walid al-Baji, mai Al-Muntaƙa, tsarin da Ibn Habib ya bayar: shugaba ya tara manyan 'yan wannan kasuwa, ya kuma kira wasu da ba su ba domin a tantance gaskiyar maganarsu, ya tambayi nawa suke saye nawa suke sayarwa, sannan a yi ta ja-in-ja har a tsaya a kan abin da zai bar musu riba ba tare da an cuci jama'a ba, kuma da yardarsu. Wannan ya sauya ma'auni daga farashin kasuwa zuwa abin da aka kashe da riba mai ma'ana, kuma shi ne tafarkin da hukumomin kula da wutar lantarki da sadarwa ke bi a ƙasashe da yawa. Ibn Taimiyya ya kawo shi a matsayin ɗaya daga cikin maganganun malamai, bai gina a kansa ba, alhali shi ne ya kamata ya zama tsakiyar babin. A watan Fabrairun 2024 ministoci sun zauna da kamfanonin siminti, aka sanar da farashin Naira 7,000 zuwa 8,000 a kan buhu. A zahiri zaman ya yi kama da na Ibn Habib. Wanda ya karanta al-Baji zai tambayi rukuni na biyu: su wane ne shaidun da ba su da hannu a cinikin, kuma wa ya duba lissafin abin da aka kashe?

A wurin al-Baji ɗin dai akwai ruwayar Ashhabu daga Imam Malik game da yanka wa mahauta farashin nama. Imam ya ga babu laifi idan an yi la'akari da yadda suke sayen dabbobin, amma ya bayyana tsoronsa kada su tashi su bar kasuwar. Wannan tsoro bai sami nauyin da ya dace da shi ba a Al-Hisba. Dokar ƙayyade farashi ta 1977 tana nan a kundin dokokin Nijeriya, kuma waɗanda suka ga zamanin layin sayen kayan masarufi a farkon shekarun 1980 sun san inda kaya ke shiga idan an yanka musu farashin da bai kai kuɗin sari ba.

Saura giɓi na ƙarshe, wanda ya fi shafar halin da ake ciki. Rabon da littafin ya yi biyu ne: ko dai tsada ta zo daga ƙarancin kaya da yawan jama'a, ko ta zo daga zaluncin 'yan kasuwa. Akwai ta uku, wadda ke zuwa daga lalacewar kuɗin da hukuma ke bugawa. Ibn Taimiyya bai jahilci wannan ba, domin a fatawowinsa ya gargaɗi sarki kada ya mayar da buga fulusai hanyar cin riba, amma bai shigar da batun cikin babin tas'iri ba. Al-Maƙrizi ne, a Igasatul Umma da ya rubuta a Masar a 808 bayan Hijira, ya ɗora alhakin tsadar zamaninsa a kan yawaitar kuɗin tagulla da sayen muƙamai da tsauwala kuɗin hayar gonaki. Lokacin da hukumar yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan abinci a Dawanau a Fabrairun 2024, watanni tara ke nan da cire tallafin man fetur, darajar Naira kuma ta faɗi warwas. Mai yiwuwa ne a cikin masu rumbunan akwai mai ɓoye kaya na haƙiƙa, wanda hadisin Ma'amar ya hau kansa. Amma ɗan kasuwar da ya ƙara kuɗin buhun masara domin kuɗin mota daga gona ya ninka, kuɗin da ke hannunsa kuma na narkewa, ba ya cikin ɗayan gidajen nan biyu na Al-Hisba, kuma muhtasibin da aka aika ya hukunta shi ma'aikaci ne na hukumar da ta buga kuɗin.