Akawun Gallitep

A cikin shekarar 1993 aka fara nuna wani dogon wasan kwaikwayo a telebijin na ƙasar Amurka, sunansa Star Trek: Deep Space Nine. An yi shekara bakwai ana nuna shi kashi kashi, har ya kai kashi 176, sa'an nan aka rufe a 1999. Irin labarin nan ne da Turawa ke ƙagawa game da zamanin da bai zo ba tukuna, inda mutane ke keta sararin samaniya cikin kumbo, suna ziyartar duniyoyin da ke kewaye da waɗansu taurari, kamar yadda fatake ke zaga kasuwanni. Wanda ya ji haka zai ce ai tatsuniyar yara ce. To, akwai tatsuniya a ciki kam, har da shirme ba kaɗan ba. Amma akwai kashi guda, na 19 a shekarar farko, mai suna "Duet", wanda ya isa dattijo ya zauna ya yi ta juya shi a zuciya.

Ga tushen labarin. Wata daula ce mai ƙarfin soja, ana ce mata Kardasiya, ta ci wata duniya mai suna Bajor, ta mallake ta wajen shekara hamsin. Mutanen Bajor manoma ne, masu sana'a, masu riƙon addininsu. Kardasawa suka kwashe arzikin ƙasarsu, suka tara su a sansani sansani suna haƙar ma'adinai, ba lada, ba ranar sallama. Ita kanta tashar da a ke yin wasan a cikinta, wadda ke rataye a sararin samaniya, dā masana'antar Kardasawa ce mai suna Terok Nor, inda bayi ke tace ma'adinai. Wasan ya soma ne bayan daular ta janye. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, domin yawancin masu irin wannan labari yaƙin 'yanci su ke so su nuna, da harbe-harbe da tashin wuta, su tsaya ranar da aka yi nasara. Waɗannan kuwa sai suka fara daga washegari, sa'ad da bawa da ubangijinsa na jiya za su haɗu a kasuwa ɗaya.

Wata rana wani jirgin kaya ya sauke fasinja marar lafiya a tashar. Ciwon da ke damunsa, Kalla-Nohra, ba mai kamuwa da shi sai wanda ya ke sansanin Gallitep ranar da aka yi wani haɗari a ramin haƙar ma'adinai. Manjo Kira Nerys, mataimakiyar kwamandan tashar, 'yar Bajor ce, tun tana yarinya ta shiga yaƙin sunƙuru, tana kuma cikin waɗanda suka buɗe Gallitep suka ga abin da ke ciki. Ta ruga asibiti tana tsammanin za ta gaida ɗan'uwa, sai ta iske Bakardashe. Nan take ta sa aka tsare shi. Ya ce sunansa Aamin Marritza, shi akawu ne kurum, aikinsa jera takardu. Da aka binciko wani tsohon hoto, sai ga fuskarsa a kan sunan Gul Darhe'el, shugaban sansanin, wanda a ke wa laƙabi da Mahaucin Gallitep.

Daga nan wasan ya kama hanyar da ba a zata ba. Fursunan bai yi musu ba. Sai ya miƙe yana dariya yana alfahari, yana cewa kisan da ya yi aikin yini ne kawai, abin da ya ke baƙin ciki shi ne bai gama da su duka ba. Harris Yulin, wanda ya fito a matsayin fursunan, ya yi abin a yaba masa. Muryarsa takan yi taushi kamar ta malamin makaranta, kan a farga ta koma tsawa. Nana Visitor, wadda ta fito a matsayin Kira, ita ma ba ta gaza ba, ko da ya ke nata aikin ya fi wuya, don yawancinsa sauraro ne. Kusan dukan wasan a ɗaki ɗaya aka yi shi, mutum biyu suna fuskantar juna. An yi haka ne don tsimin kuɗi, sai tsimin ya zama alheri, ba abin da ke janye hankalin mai kallo daga maganar.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Odo, shugaban 'yan sandan tashar, ya bi diddigi. Ashe Darhe'el na gaskiya ya mutu tun shekara shida, an binne shi da girmamawa. Ashe ranar haɗarin ma ba ya sansanin, watau ba yadda za a yi ya kamu da ciwon. Mutumin da ke tsare Marritza ne, akawun. Ya ajiye aikinsa na koyarwa, ya sallami mai yi masa hidimar gida, ya sa likita ya sāke masa fuska, ya zo da ƙafarsa don a kama shi a yi masa shari'a a bainar jama'a da sunan maigidansa. Nufinsa daular tasa ta ji laifinta da kunnenta, ta rasa hanyar musu. Da Kira ta ƙure shi sai ya fashe da kuka, ya ce shi dai da dare yakan toshe kunnuwansa don kada ya ji kururuwar bayi, bai taɓa ɗaga ko yatsa ba.

A nan ne nauyin wasan ya ke, ya kuwa kamata mai karatu ya dakata a kai. Mugun sarki ba ya da wuyar ganewa, ko yaro ya san Fir'auna. Wanda a ke mantawa shi ne mai riƙe da alƙalami. Ba daular da ta taɓa bautar da dubban mutane da hannun mutum ɗaya. Sai an sami mai rubuta sunaye, da mai ƙidaya buhunan abinci, da mai jan layi a kan sunan wanda ya mutu don lissafi ya daidaita. Akawu yakan ce shi bai doki kowa ba, gaskiya ne kuwa. Amma in ba don littafinsa ba, mai bulala bai san wa ya gudu ba. Duniya ta ga irin wannan a fili a 1961, sa'ad da aka gurfanar da Adolf Eichmann a Birnin Ƙudus. Shi ne jami'in Jamus mai tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanonin halaka a Yaƙin Duniya na Biyu, hujjarsa kuwa ita ce umurni ya bi. An rataye shi a 1962. Marritza kishiyarsa ne. Wancan babba ne ya ƙanƙantar da kansa don ya tsira, wannan kuwa ƙarami ne ya ɗauki sunan babba don a hukunta shi.

Ko a ƙasar Hausa tambayar ba baƙuwa ba ce, ko da ya ke abin bai kai na Gallitep muni ba, ba a kuwa ce ya kai ba. A 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, kuza ta yi wuya, aka shiga ɗiban talakawa daga larduna ana kai su haƙar kuza a tsaunukan Jos a kan tilas, har 1944. Sanyi da ƙarancin abinci da cuta suka kashe waɗansu. Ta hannun En'e aka yi ɗiban, ba kuwa wanda aka tafi da shi sai da wani ya rubuta sunansa a takarda, ya karɓi albashinsa a ƙarshen wata.

Duk da wannan yabo, wasan yana da aibu, babba ma. Akwai wurin da aka nuna tsirarun Gallitep sun taru a ƙofar ofishin 'yan sanda, sun lulluɓe da tsummoki, suna jiran hukunci. Ba a ba ko ɗayansu bakin magana ba. Duk zance mai daɗi, duk kuka mai taɓa zuciya, an ba Bakardashe. Mai kallo ya tashi yana tausayin akawu, bai san sunan bawa ko guda ba. Wannan tsohon hali ne na masu ba da labarin bauta, sukan fi damuwa da zuciyar ubangiji mai nadama bisa ga bayan bawa mai tabo. Har ila yau akwai abin dubawa a dabarar Marritza kanta. Da ta yi nasara, da Bajor ta kashe marar laifin kisa, ta rubuta ƙarya a littafin shari'arta, ranar da asiri ya tonu kuwa Kardasiya ta sami abin da za ta ƙaryata sauran gaskiyar da shi. Akawu ne fa, ya san abin da ke cikin takardun sansanin. Da ya tsaya da sunansa ya ba da shaida, da ya fi amfani. Marubutan ba su bari Kira ta faɗa masa haka sosai ba.

Ƙarshen kuma an yi shi da gaggawa. Kira ta sake shi, tana rakiyarsa, sai wani mashayi ɗan Bajor ya soke shi da wuƙa ta baya, ya ce kasancewarsa Bakardashe ya isa dalili. Kira ta ce bai isa ba. Maganar daidai ce, ita ce kuma alamar cewa matar da ta shiga ɗakin da safe ba ita ta fito ba. Sai dai wuƙar ta sauƙaƙa wa marubuta aiki. Mataccen Marritza abin tausayi ne, rayayye kuwa da sai an san inda za a ajiye shi, da irin gaisuwar da tsirarun nan za su yi masa.

A kashin baya marubutan sun biya wani abu daga bashin. A 1998, cikin "Waltz", an bar Gul Dukat, gwamnan Bajor na ƙarshe, ya kare kansa. Ya ce shi ya rage wa bayi yawan aiki, ya hana sa yara, ya ƙara abinci da magani, amma ba su gode ba. Nufinsa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kyaftin Sisko, wanda Avery Brooks, baƙar fatar Amurka, ya fito a matsayinsa, ya yi ta jansa da tambaya har ya furta da bakinsa cewa ƙinsu ya ke yi tun asali. A shekarar nan kuma aka nuna yadda aka ɗauke uwar Kira daga sansani aka mai da ita ƙwarƙwarar Dukat, a bakin abincin da za a ba mijinta da 'ya'yanta. A nan kam an bar baiwa ta yi magana.

Kardasiya ta yi sulhu da Bajor, daga baya ta shiga ƙarƙashin wata daula da ta fi ta ƙarfi, mai suna Dominion, ta ɗanɗana abin da ta shayar. Kira ce aka aika ta koya wa Kardasawa yaƙin sunƙuru. A kashi na ƙarshe an hallaka Kardasawa fiye da miliyan 800, biranensu suka zama kufai. Amma har aka rufe wasan ba a nuna alƙali ya zauna a kan maganar Gallitep ba.