Ɗinkin Baduku: Daga Jakar Annabi Dawuda Zuwa Zabirar Wanzami

Duk wanda ya leƙa tsofaffin littattafan Yahudawa da na Kiristocin farko zai ga jaka ba ta rabuwa da labaransu, domin rigunan zamanin ba su da aljihu irin namu. Kuɗi da guzuri sai a jaka ko a ɗamara. Duwatsu 5 Annabi Dawuda ya tsinto a rafi, ya jefa a jakarsa ta kiwo kafin ya tunkari Jaluta. 'Yan'uwan Annabi Yusuf a cikin kayansu suka tarar da abin da suka biya na hatsi a Masar, labarin da Alƙur'ani ma ya kawo. A Linjilar Yahaya, Yahuza Iskariyoti ne ke riƙe da jakar kuɗin almajiran Annabi Isa. Wanda ya ɗinka jakunkunan dai ba a ambace shi ba. Majemi ne ya yi sa'a aka kira sunansa: Siman na Yafa, wanda Bitrus, ɗaya daga cikin almajiran, ya sauka a gidansa a bakin teku. Ba mamaki gidan ya kasance a can, jima ba ta yiwuwa sai da ruwa.

A ƙasar Hausa wannan mai ɗinki baduku ne, kuma aikinsa daga hannun majemi yake farawa. A jiƙa fata, a sa ta a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare, sannan a tsoma ta a ruwan bagaruwa ta kwana tana sha. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce sarauniya. Ita ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saya a hannun Larabawan Maroko, suka laƙaba mata sunan ƙasar da ba ta san ciyawarta ba.

Zauna kusa da baduku ka ga aiki. Kafin wuƙa ta taɓa fata sai ya shimfiɗa ta, ya bi ta da tafin hannu, ya ja nan ya ja can. Ya san gadon baya ya fi ƙarfi, wajen ciki kuwa saki yake yi, don haka gindin jaka da maratayi daga baya za su fito. Ja daga karan dafi yake samunsa, baƙi daga kuloko. Zaren ma fata ce, ya yanko ta siririya, ya huda da basilla, ya zura, ya ja daidai gwargwado. In ya matse da yawa fata ta tattare, in ya sassauta ɗinki ya yi baki. Babu ma'auni, yatsa ne ke faɗa masa.

Kowace jaka da nata hali. Gafaka tana son ƙarfi, kada gefen takardun Alƙur'ani ya lanƙwashe. Zabirar wanzami tana son ɗakuna, aska a nata wuri, ƙaho a nasa. Lalita kuwa a jiki take kwana, ta sha gumi ba ta ruɓe ba. A ganina salka ce ƙarshen gwaninta, don tun daga fiɗa ake kiyaye ta: a zare fatar ba tare da an tsaga ciki ba, a ɗaure ƙafafu, wuya ya zama baki. Linjilar Markus ma ta san tsohuwar salka fashewa take yi.

Ƙasar Yauri ta daɗe da sanin darajar wannan aiki. Ta nan fataken goro masu zuwa Gwanja suke ƙetare Kogin Kwara, kayansu a taiki bisa jakuna, kuma taikin da ya yage a mashigi ya jawo asarar tafiyar watanni. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, mutanen Warra da Ngaski suna zaune ne da tafki, inda laima ke tona asirin fatar da ba ta sha bagaruwa sosai ba: ta yi wari, ta yi funfuna.

Yau leda da jakar roba sun cika kasuwa, ga araha, amma ba sa kaiwa baɗi. In za ka sayi ta fata, juya cikinta ka duba ɗinkin, ka sunsuna, ka ja maratayin da ƙarfi. In ta tsaya, biya baduku kuɗinsa ba tare da dogon ciniki ba.